Guntun Tikiti da Rubutun Bayansa

Zargi biyu ake yi wa mai ajiye tikitin wasa a ƙasar Gumel. Na farko daga ustazai yake fitowa: me za ka yi da shaidar daren da ka ɓata a wajen kiɗa? Wannan ba fagena ba ne, sai dai in tuna musu cewa in an zazzage gwangwanin mai wannan ajiya, za a tarar da tikitin dambe da kokawa da ƙwallo da wasan kwaikwayon 'yan makaranta sun fi na kiɗa yawa. Zargi na biyu shi ya fi damuna, domin na masu ilimi ne. Manazartan adabin baka suna ganin tarihin waƙa yana cikin faifai da kaset da bakin mawaƙi, takardar bakin ƙofa kuwa shara ce da ya kamata a share tare da ɓawon rake da safe. Ina ganin sun yi gaggawa.

Kowa ya san wasan Bahaushe na asali ba shi da ƙofa. Makaɗin fada a ƙofar fada yake, damben kaka a dandali, kalankuwa a fili, mai kuɗi ya yi kari, marar shi ya ba idonsa abinci ya tafi. Silima ce ta kawo kuɗin shiga: Rex a Kano a 1937, Palace a cikin birni a 1951, sauran suka biyo baya. Daga nan aka fara hayar dandamalin silima da kulob ana gayyato su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, aka kewaye filin dambe da zana, daga baya da langa-langa, aka sa mutum da ɗan teburi a bakin ƙofa. Bayan fim ɗin Turmin Danya a 1990 sai ga gala ta 'yan fim da wasan Sallah na mawaƙan zamani, sai kuma gidajen kallon ƙwallo.

Mutumin Gumel kuwa ya san darajar 'yar takarda tun kafin wannan. Rasidin haraji shi ne kariyarsa daga wulaƙancin dogari, har zuwa 1979 da Abubakar Rimi ya soke harajin a tsohuwar jihar Kano. Wanda ya sayi sa ko raƙumi a karar Maigatari ranar Alhamis ba ya wasa da takardarsa, don ita ke raba shi da zargin sata a hanya. Wanda ya hau jirgin ƙasa a tashar Gagarawa, kan layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, sai ya damƙe tikitinsa har ya sauka. Hannun da ya saba jefa irin waɗannan a ƙasan adaka shi ne ya jefa guntun tikitin wasa a can, yawanci ba tare da ya yi niyyar tara komai ba.

Fuskar tikitinmu kurma ce, wannan na yarda da masu suka. Ba irin na Turai da Amurka ba ne da ake buga sunan mawaƙi da rana da lambar kujera, har ya zama kayan gwanjo. A 2022 an sayar da guntun tikitin wasan farko na ɗan wasan baseball Jackie Robinson na 1947 a kan dala 480,000. Namu daga ɗan littafin da ake saye a shagon kayan rubutu ake yago shi: lamba, farashi, hatimin shuɗin tawada wanda rabinsa ya tafi da ɗaya ɓarin. Duk da haka kurman yana magana da hannu. In farashin sule ne ko sisi, to kafin 1 ga Janairun 1973 ne, ranar da naira da kwabo suka shigo. In hatimin ya ce jihar Kano alhali a Gumel ko Sule Tankarkar aka yi wasan, to kafin 27 ga Agustan 1991 ne, ko jim kaɗan bayan nan kafin a sassaƙa sabon hatimi. In da Faransanci ne, farashin kuma da sefa, mai shi ya tsallaka iyaka ne ta Maigatari, wataƙila zuwa Damagaram kallon kokawar takobi, wadda Nijar ta fara a Tawa a 1975.

Amma gwanintar ba a fuska take ba, a baya take. Masu ajiyar da na fi girmamawa su ne waɗanda kafin su kwanta a daren, ko da safe kafin a fita gona, suke juya takardar su yi rubutu a bayanta, da boko ko da ajami. Wurin bai fi faɗin yatsu uku ba, don haka dole a zaɓi abin faɗa, kuma a wannan zaɓin ne fasahar take. A ce mutum ya rubuta haka: "Ƙaramar Sallah, kwana biyu. Kuɗin riɗi. Ni da ƙanina. An ɗauke wuta, an ta da inji. Mun kwana a tasha."

Dubi abin da bai rubuta ba. Babu shekara, babu sunan mawaƙi, babu ko kalma ɗaya ta yabo. Mai gaggawa zai ce to ina amfaninsa? Shi mai rubutun ya san ba zai manta wanda ya je kallo ba, abin da yake tsoron ya kuɓuce masa shi ya ɗaure. Shekarar kuwa tana nan a ɓoye. Watan Musulunci yana ja da baya da kamar kwana 11 kowace shekara, sai bayan kimanin shekara 33 yake komowa inda ya taso. Ƙaramar Sallar da ta faɗo lokacin da kuɗin riɗi ke hannu, wato ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ko dai ta 1971 zuwa 1973 ce, ko ta 2003 zuwa 2006. Juya takardar ka ga farashi, gardama ta ƙare. Kalmomi shida na farko sun yi aikin kalanda ba tare da lamba ko ɗaya ba.

"Kuɗin riɗi" kuma ya faɗi abin da kaset ba zai taɓa faɗa ba, wato inda kuɗin kallo ke fitowa. A wannan yanki na gero da riɗi da zoɓo, nishaɗi yana bin kaka ne, kuma in ka jera tikitan mutum ɗaya na shekara ashirin za ka ga giɓi a shekarun da damina ta yi gardama. "Ni da ƙanina" yana nufin tikiti biyu aka saya, kuma babba ne ya biya. Maganar wuta da inji ita ce kaɗai sharhin da aka yi wa wasan, amma ta ishe ka ka san cewa da lasifika aka yi shi, kuma an yi tsit na ɗan lokaci ana jiran mai inji. Jimlar ƙarshe ita ta fi burge ni. Ba a ce wasan ya yi daɗi ba, an ce an kwana a tasha. Wanda ya san ƙauyukan Gagarawa da wuyar mota bayan isha ya san mutum ba ya yarda motar ƙarshe ta tafi ta bar shi sai abin da yake kallo ya fi ƙarfin barcinsa. Wannan kawaici ne irin namu, a faɗi sakamako a bar mai karatu ya gano dalili. Masu cika bayan tikiti da "kai, yau mun sha kallo" ba su ba mu komai ba, domin kowane dare haka za a ce.

Akwai kuma masu rubuta sakamakon dambe: wane ya kashe wane a turmi na biyu, Kudu ta yi rinjaye kan Arewa. Wannan yana da amfani, sai dai rajista ce. Na fi son mai rubuta wanda suka je tare da abin da aka sayar aka je.

Batun jeri ma ina da ra'ayi a kai, kuma ba na ɓoye shi. Wasu matasa da suka ga yadda ake yi a intanet suna ware tikiti bisa mawaƙi, na Ala a nan, na Nura M. Inuwa a can, na gala daban, na ƙwallo daban, a manna a albam. Yana da kyan gani, amma ya kashe labarin. Tsarin tsofaffi ya fi: ambulan ɗaya ga kowace shekara, daga kaka zuwa kaka, a zuba komai tare, tikitin wasa da rasidin kara da katin ɗaurin aure da takardar asibiti. A haka ne za ka ga tikitin gala ya ɗauke cak a shekarar da katin auren mai shi ya bayyana, ko ka ga yadda wasannin fili suka ja baya bayan ƙaddamar da shari'a a Jigawa da Kano a 2000, kallon ƙwallo ya maye gurbinsu. Manna takarda da gam kuwa laifi ne babba a wannan sana'a, tunda bayan da ke ɗauke da rubutun shi ake binnewa.

Abokan gabar ajiyar sanannu ne: gara, ɓera, kyankyaso, raɓar damina da zafin bazara, wanda a nan kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Gwangwanin madara mai murfi ya fi leda, don leda tana tara gumi. Kyauron roba yana narkewa ya manne, ƙusar sitefula tana tsatsa ta ci takarda, salatef yana yin rawaya ya bar tabo. Fensir ya fi biro daɗewa. Sabuwar matsala ita ce takardar da ke fitowa daga na'urar POS, wadda ba tawada gare ta ba, zafi ne ke fito da rubutunta. Rana da zafin ɗakin kwano suna goge ta cikin watanni, in kuwa aka kai ta a yi mata laminatin sai ta koma baƙa ƙirin nan take. Maganinta a yi mata fotokwafi tun tana sabuwa, a ajiye su tare.

Abin da ya sa nake ta wannan dogon bayani shi ne, tarihin waƙar Hausa kamar yadda muke rubuta shi tarihin masu kyauta ne. Waƙa tana riƙe sunan sarki da attajiri da direban da ya ba da kujerar Makka ko mota, maroƙi yana shelanta wanda ya yi liƙi. Mutum ɗari biyar ɗin da suka biya kuɗin ƙofa, waɗanda da kuɗinsu aka yi hayar fili da lasifika, babu wanda ya ambace su. Shata ya rasu a 1999, kuma littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 babban aiki ne, amma irin wannan bincike dole ya jingina da tunanin mutane, tunani kuwa yana haɗa dare biyu ya mai da su ɗaya. Tambayoyi masu sauƙi irin su nawa ake shiga, a wane wata aka fi yin wasa, daga wane nisa mutane ke zuwa, yaushe kuɗin ƙofa ya fara fin kari muhimmanci ga mawaƙi, duk amsarsu tana cikin gwangwanayen da magada ke zubarwa ranar rabon gado. Ni a ganina ranar da aka fara yaga tikiti ce talaka ya zama ubangidan mawaƙi, kuma sauyin da aka gani daga waƙar yabon mutum ɗaya zuwa waƙar soyayya da kowa zai ɗauka tasa ce yana da alaƙa da wannan teburin bakin ƙofa fiye da yadda ake alaƙanta shi da finafinan Indiya kaɗai.

Ɗakin karatu na Bodleian a Oxford yana da sashe guda na irin waɗannan takardu, tarin John Johnson, inda tikiti da tallar wasa suke da mazauni kamar kowane littafi. Mu ma muna da Arewa House a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga kwalejin ilimi a cikin Gumel ɗin kanta mai ɗaliban Hausa da ke neman abin rubuta kundi kowace shekara. In ɗayansu ya samu irin wannan gwangwani, roƙona kada ya ware shi bisa mawaƙi. Ya ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ya mayar da ita cikin ambulan ɗin da ya same ta, sannan ya zauna da mai ita, in yana raye, ya tambaye shi wane ne ƙanin da suka kwana a tasha tare.