Bulalar Malam: Me Littattafanmu Suka Ce?

Tun da Hukumar Ilimi ta Gana ta hana duka a makarantun boko a 2017, zancen bai mutu ba a zangunanmu. Bayan sallar Asuba, a wajen suna, ko'ina sai ka ji dattijo yana cewa, "Ai mu da dorina aka koya mana Izu sittin, yanzu Turawa sun ce kada a taɓa yaro." Wasu malamanmu na allo ma sun mai da bulala kamar alamar riƙo da addini.

To, a nan muke da ja. Tun kafin a san wani abu wai shi Gana, malaman Malikiyya sun riga sun ɗaure hannun mai koyarwa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya yi littafi a kan ladubban masu koyarwa. A ciki ya ce a kan karatu kada malam ya wuce bulala uku, kada ya taɓa fuska ko kai, kuma kada ya yi duka don huce fushinsa. Uku fa! Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a makarantunmu wa yake ƙirgawa? Sau nawa malam yake miƙa wa babban almajiri tsumagiya ya tafi kasuwa, ya bar yaro yana zane ɗan'uwansa yaro?

Ibn Khaldun ya ƙara da wani abu a Muƙaddima: tsanani yana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara, domin ya saba ɓoye abin da ke ransa saboda tsoro. Wannan mun gani da idonmu. Yaro yana rera karatu da ƙarfi in malam ya waiwayo, bakinsa na motsi, allon ko kallonsa bai yi ba.

Masu kafa hujja da hadisin Abu Dawuda na sallah su duba shi da kyau. Umarni ne a shekara bakwai, duka sai a goma. Shekara uku cur na lallashi da tunatarwa. Mu kuwa ɗan shekara biyar muke tsula wa bulala don ya kasa bambance sin da sad. Anas ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ko tsawa bai taɓa sha ba.

Iyayen da ke zuwa su ci mutuncin malam gaban ɗalibai su ma ba su kyauta ba, amma wannan zance ne na wata rana.

Abin da muke roƙon kwamitin makaranta shi ne a zauna da malamai a karanta musu littafin ɗan Sahnun, sannan a karɓe bulala daga hannun manyan almajirai tun daga wannan zangon karatu.