D'Addario EJ16: Tsirkiyar Da Ta Ba Jita Bakin Agadas

Jama'a, ku bar ni in yi yabo, don abin ya kai a yaba. Duk mai kaɗa jitar katako a Zariya, daga nan Hanwa zuwa Samaru, har matasan da ke kaɗa ta a majami'un Wusasa da Sabon Gari, in bai taɓa ɗaura tsirkiyar D'Addario EJ16 ba, wallahi bai ji muryar jitarsa ba tukuna. Yana dai jin ƙara.

Amon da nake bi shi ne na Agadas, irin wanda kake ji wurin Bombino in ya ajiye jitar lantarki ya ɗauki ta katako, ko a faifan Mdou Moctar na 2025, Tears of Injustice, inda ya sake kaɗa waƙoƙinsa a tausashe. Babban yatsa na riƙe da tsirkiyar ƙasa tana gurnani ba ta tsayawa, sauran yatsu na tsalle a kan siraran. Kiɗa ne ɗan'uwan molo da gurmi, ba ya son ƙyalli, ɗumi yake so da zurfi. To EJ16 ta ba ni shi tsaf!

Sirrin yana cikin zaren ƙarfen da aka naɗe tsirkiyoyi huɗu masu kauri da shi. Wadda ake kira 80/20, kashi 80 jan ƙarfe ne, kashi 20 tutiya. Sabuwarta tana da kaifi, tana ƙyalli a kunne, amma ba ta jimawa take dushewa, musamman ga mai gumin hannu. Ita kuwa Phosphor Bronze, wato irin ta EJ16, wadda gidan D'Addario ya fito da ita a 1974, kusan kashi 92 jan ƙarfe ce, sauran kuza da ɗan ɗigon fosfaras mai rage tsatsa. Mutanen nan ba shigar sauri suka yi wa sana'ar ba. Kakanninsu a garin Salle na Italiya suke murza tsirkiya da hanjin tumaki tun ƙarni na 17, kafin zuriyar ta ƙaura Amurka. Gado ne, kuma ana jin sa.

Buɗe fakitin ma kaɗai daɗi ne. Kowace tsirkiya da launin ɗan zoben da ke gindinta: mafi kauri ruwan tagulla, sai ja, baƙi, kore, shunayya, siririyar ƙarshe ruwan azurfa. Ko an ɗauke wuta, da fitilar waya za ka jera su ba ka ruɗe ba. Kaurinsu daga 12 ne zuwa 53, wato tsaka-tsaki: ba ta yi laushin da za ta riƙa karkarwa a kan ƙarafan wuyan jita ba, ba ta kuma yi taurin da za ta yanka yatsan da bai yi kanta ba.

Ranar farko tana da ɗan rawar kai, tana sakin ɗauri, sai ka yi ta murɗa kunnuwan jita kana saita ta. Ka yi haƙuri da ita kwana kaɗan. Da zarar ta zauna, tabɗi! Ta shida, mafi kauri, in ka taɓa ta da tsokar babban yatsa, ba da farce ba, sai ka ji katakon yana rawa a ƙirjinka, amon ya daɗe bai mutu ba. Amma ta uku ce sarauniyata, mai lamba 24. A nan ne tsirkiyoyi masu araha suke tona asirin kansu, su yi ta ƙara kamar murfin tukunya ya faɗi a siminti. Wannan kuwa zagaye take fita, da ɗan hanci-hanci a muryarta, har in ka danne ta kusa da gadar jita da gefen tafin hannu ka bi salon gurmin Haruna Uji, mai wucewa a lungu sai ya tsaya ya leƙo ya ga abin da ake kaɗawa.

Na san abin da wani zai ce. Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a kan kuntigi ya zaga duniya, Mdou Moctar kuma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro. Gaskiya ne, hannu shi ne uba. Sai dai mu da ba a ba mu hannun Ɗanmaraya ba, ai a bar mu mu nemi taimako inda yake.

Masoyan tsirkiyar Elixir, wadda aka lulluɓe da siririyar leda tun fitowarta a 1997, za su ce tasu ta fi daɗewa. Ba musu, ta fi, musamman da damina lokacin da danshin Agusta ke cin ƙarfe. Ni dai santsinta ne ba na so, kuma kuɗinta ya yi wa aljihun ɗalibi nauyi. Tsumma busasshe ya ishe ni: in na gama kiɗa in goge kowace tsirkiya sama da ƙasa, ta kai ni nesa.

Da hunturu kuma kada zumuɗi ya ja ka ka hau tsirkiya mai lamba 13 don neman ƙarin gurnani. Iskar Disamba a Zariya tana busar da katako, ƙaramar jita mai araha ba ta jure wannan ja, gadarta sai ta fara ɗagawa. Tsaya a 12.

Wani abin da zan ja kunne a kai shi ne jabu, don sun cika kasuwa, fakiti iri ɗaya, launi iri ɗaya, amma cikin mako guda sun yi baƙi. Ta gaskiya tana zuwa a cikin leda rufaffiya ruf, da lamba a jikinta wadda za ka shigar a shafin kamfanin na intanet ya tabbatar maka. Ka duba tun kana tsaye a gaban mai shago, kafin ka miƙa kuɗinka.