Raha da Soyayya a Shirin Labarina: Tsakanin Masu Kallo da Masu Suka

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020 tashar Arewa24 ta fara nuna wani shiri mai dogon zango mai suna Labarina, wanda Malam Aminu Saira ya ba da umarni. Cikin 'yan makonni shirin ya zama abin tattaunawa a majalisu da shagunan ɗinki da ɗakunan kwanan ɗalibai. Wannan takarda za ta dubi yadda ɓangarori biyu suka karɓe shi, wato masu kallo da masu suka, sannan ta nuna abin da ɗalibin harshe ya kamata ya lura da shi wanda dukkansu suka tsallake.

2.0 Shimfiɗa

Gardama a kan labarin soyayya tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1990 aka yi muhawara mai zafi a jaridu game da littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, inda Abdalla Uba Adamu ya tsaya a ɓangaren kare su. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda aka fi kafa hujja da su. Da finafinan bidiyo suka bunƙasa bayan fitowar Turmin Danya a 1990, sai zargin ya koma kansu, musamman na kwaikwayon Indiya da ɓata tarbiyya. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Ita kuwa raha tana da nata tarihin a talabijin, daga Samanja na Usman Baba Pategi zuwa marigayi Rabilu Musa Ibro. Abin da Labarina ya yi shi ne haɗa waɗannan igiyoyi biyu cikin shiri guda na mako-mako.

3.0 Martanin Masu Kallo

Tauraruwar zangunan farko ita ce Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta. Masoya sun kewaye ta, ciki har da Mahmud (Nuhu Abdullahi) da Presido (Isa Feroz Khan), ɗan masu hali. Masu kallo suka rabu gida-gida, kowa da gwaninsa, ana musu a kan wanda ya cancanci aurenta kamar dai 'yar unguwarsu ce ake shirin ɗaura wa aure. Da aka kashe Mahmud a labarin, jama'a da yawa sun nuna ɓacin rai ga masu shirin. Haka kuma da Nafisa Abdullahi ta bar shirin kafin ya cika shekara biyu, aka ɗauko Fati Washa ta maye gurbinta, wasu sun ƙi amincewa da sabuwar fuskar a matsayin Sumayya.

Wannan martani yana nuna ma'aunin da mai kallo yake amfani da shi, wato tausayi. Tambayarsa ita ce ko an yi wa wanda yake so adalci. Bai kamata manazarci ya raina wannan ma'auni ba, domin shi ne shaidar cewa marubuci ya gina taurarinsa har sun rayu. Rauninsa shi ne yakan hana mai kallo bambance ɗan wasa da rawar da ya taka.

4.0 Martanin Masu Suka

Masu suka iri biyu ne. Na farko su ne masu auna kowane shiri da tarbiyya. Suna tambayar ko ya dace budurwa ta saurari samari fiye da ɗaya, ko suturar 'yan wasa ta yi daidai, ko kuma wane darasi yaro zai ɗauka. Na biyu su ne masu duba zubi da tsari, waɗanda suka koka da jan labari da maimaita rikici iri ɗaya daga zango zuwa zango. Wannan koke na biyu yana da ƙamshin gaskiya. Shirin da ake rubutawa ana nunawa yakan zama bawan 'yan wasansa, duk wanda ya tafi sai an karkatar da labari domin cike gurbinsa, kuma ɗinkin yakan fito fili.

Amma murya ta farko ita ce ta fi ƙarfi, domin tana da hukuma a bayanta. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin kai su a tace kafin a nuna. Duk da cewa dalilin na ƙa'ida ne, lamarin ya tuna mana cewa idan tarbiyya kaɗai ce tambayar da ake yi wa aikin adabi, to amsar takan tsaya a kan a bari ko a hana. Nazari kuwa ya fi wannan faɗi.

5.0 Abin da Aka Tsallake

Mai tausayin Sumayya da mai tsoron ɓacin tarbiyya sun haɗu a wuri ɗaya: dukkansu sun ɗauki shirin kamar rayuwa ce ta zahiri, sun manta cewa ƙagagge ne da aka gina da harshe. A al'adar Bahaushe kunya ta hana a furta so a gaban manya. Saboda haka tun asali zance tsakanin saurayi da budurwa ya dogara da zolaya da habaici da sakaya magana, kamar yadda wasan taubasai da na jika da kaka ke ba da damar faɗin abin da ba ya faɗuwa kai tsaye. Raha ita ce rigar da soyayya ke sawa kafin ta fito tsakar gida, inda uwa da 'ya'ya ke kallon talabijin tare.

Misali mafi kyau shi ne Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa. Dattijo ne mai kwaɗayin abin duniya, mai lissafin ribarsa a kowace hulɗa. Dariyar da yake jawowa ta samo asali ne daga saɓani tsakanin kalamansa da manufarsa. Yana magana da lafazin dattaku, alhali mai kallo ya riga ya hango inda ya dosa. Ta wannan hanya shirin ya soki son kuɗi ba tare da wa'azi ba. Ashe tarbiyyar da masu suka ke nema tana nan, a bakin mutumin da ake yi wa dariya.

6.0 Mai Kallo na Nesa

Tun da rahar ta rataya a kan harshe, sai a tambayi yadda take isa ga wanda Hausarsa ta bambanta da ta Kano, domin tauraron ɗan Adam da YouTube sun kai irin waɗannan shirye-shirye nesa da Nijeriya. A ɗauki arewacin Ghana. Fataken goro sun kai Hausa Salaga tun kafin zuwan Turawa, a can ma Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna kafin ya koma Kete-Karachi bayan yaƙin basasar 1892. Har yau ana ciniki da Hausa a zangon Yendi da kasuwar Bawku. Sai dai Gananci ya sassauta bambancin jinsi, ana iya amfani da "ya" ga mace da namiji, kuma ga mutane da yawa Hausa harshe na biyu ne ko na uku. Irin wannan mai kallo zai bi zaren soyayyar ba wahala, domin fuska da hawaye ba sa buƙatar tafinta. Habaicin da ya dogara da karin magana ko sarar Kano shi ne zai iya wuce shi. Wannan fage ne na bincike ga ɗalibin da zai zauna da masu kallo a can, ya rubuta inda suka yi dariya da inda suka yi shiru.

7.0 Kammalawa

Labarina yana da rauni ta fuskar tsawaita labari, kuma masu sukar zubinsa sun yi gaskiya. Ƙarfinsa yana cikin tattaunawar 'yan wasa, musamman inda raha ta ɗauki nauyin abin da kunya ta hana a faɗa. Ana shawartar ɗalibi ya zaɓi fitowa guda, ya rubuta maganganunta kalma bayan kalma, ya ware karin magana da habaici da kalmomin aro, sannan ya nuna aikin da kowanne ya yi wajen isar da jigo. Bayan haka ne zai sami hujjar yabo ko suka.