Jinjina ga 'Yan Agaji

Duk wanda ke zuwa filin Idi a Kano ko Kaduna ya san su: matasa cikin kaki da hula, sun riƙe hannun juna sun buɗe wa jama'a hanya, wani kuma ya durƙusa yana yayyafa wa dattijon da zafin rana ya kayar ruwa a fuska. Su ne a sansanin alhazai suke ɗaukar jakar tsohuwa har bakin mota, su ne a maƙabarta da asibiti. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, tana da rundunarta. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, tana da tata, kuma 'yan agajinta ne ke bi gida-gida suna karɓar fatun layya domin ayyukan ƙungiya. A cikinsu akwai teloli da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa. Wanda ya rufe shagonsa domin aikin agaji ranar da ciniki ya fi tafiya, a ganina, ya ba da abin da ya fi sadakar mai hali tsada.

Wasu na cewa wannan aikin hukuma ne, kuma rarrabuwar rundunonin tana ƙara tsaga tsakanin Musulmi. Maganar farko gaskiya ce, amma wanda ya suma a cikin cunkoso ba zai jira motar asibiti ba. Ta biyun kuwa akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, sai dai ɗan agaji ba ya tambayar aƙidar wanda ya yi haɗari kafin ya ɗauke shi. Abin da ya kamata a ƙara musu shi ne horo kan taimakon gaggawa da kayan aiki.