Jinjina ga Manoman Inabi na Kudan

Mutumin Rogo ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya ga gonar inabi. Da ya tsallaka iyakar Jihar Kaduna ya nufi Kudan da Hunkuyi, zai tarar da rumfunan waya da sanduna, kuringar inabi ta lulluɓe su.

Waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina, domin inabi ba dawa ba ne da za a shuka a girbe cikin damina ɗaya. Sai an kafa rumfa, an ɗaure reshe, an yi haƙurin fiye da shekara kafin a ɗanɗani ƙwaya. Idan ruwa ya ɗauke, su yi wa kuringa aski da almakashi, reshe bayan reshe, kuma a nan gwaninta take: wanda ya yanke ba daidai ba ya yi asarar shekararsa. Daga nan sai ban-ruwa cikin sanyin hunturu, da feshi, da gadin tsuntsaye tun asuba idan 'ya'ya suka fara zaƙi.

A Faransa, manoman Bordo suna tsinkar nasu wajen watan Satumba, galibi don matse giya. Namu da rani suke girbi, a ci halal a kasuwannin Zariya da Kano.

Mu a Karaye muna da madatsar ruwan Challawa tun 1992. Matasanmu masu noman rani, ku je Kudan ku koyo wannan sana'a daga bakin masu ita.