Wa Ke da Bakin Magana a Baranda? Sharhi kan Littafin Zora Neale Hurston

A shekarar 1937 wata marubuciya baƙar fata 'yar Amurka, Zora Neale Hurston, ta fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Their Eyes Were Watching God. Bai samu karɓuwa ba a wajen wasu manyan marubuta 'yan'uwanta. Richard Wright, wanda a lokacin tauraronsa ke shirin haskawa, ya yi masa kaca-kaca a mujallar New Masses. A ganinsa littafin ba ya ɗauke da wani saƙo, kuma marubuciyar ta mayar da baƙaƙen fata abin nishaɗin Turawa: mutane ne masu ci da sha da dariya da kuka, babu komai game da zaluncin da ake yi musu. Hurston ta rasu a 1960 cikin talauci a garin Fort Pierce na jihar Florida, aka binne ta a kabarin da ko alama babu. Sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta je maƙabartar ta kafa mata dutsen shaida, ta kuma yi rubutu a kanta a mujallar Ms. a 1975. Daga nan littafin ya farfaɗo, har ya zama cikin waɗanda ake karantarwa a makarantun Amurka.

Shekaru sun yanke hukunci kan ko littafin zai rayu. Amma zargin Wright bai mutu ba, domin har yau ana yi wa duk marubuciyar da ta tsaya kan hira da aure da abincin dare irin wannan kallon. Abin da wannan sharhi ke son nunawa shi ne, saƙon da Wright ya nema ya rasa yana cikin abubuwan da ya raina: zaman hira a barandar kanti, da yadda mutane ke karanta sararin sama.

Garin da baranda ce majalisarsa

Labarin na Janie Crawford ne, wadda ta dawo garin Eatonville da yamma, sanye da kayan aikin gona irin na maza, bayan ta bi wani saurayi da ta girme wa ta bar garin. Mutane na zaune a baranda suna kallonta suna yankan namanta da baki. Ta wuce su ta shiga gida, ƙawarta Pheoby ta kai mata abinci, ita kuma ta kwashe labarin rayuwarta ta ba ta. Littafin gaba ɗaya wannan hirar ce ta dare guda.

Eatonville gari ne na gaske a tsakiyar Florida, kusa da Orlando. An kafa hukumarsa a 1887, yana cikin garuruwan farko a Amurka da baƙaƙen fata suka mulki kansu. A nan Hurston ta tashi, mahaifinta ma ya taɓa zama magajin garin. Daga baya ta yi karatun al'adun ɗan Adam a kwalejin Barnard da ke New York a hannun Franz Boas, sannan ta koma kudu tana tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin aiki da zantukan mutanenta, waɗanda ta buga a littafin Mules and Men a 1935. Don haka kunnenta ya san yadda ake magana a can, kuma ta rubuta zancen mutanen labarin da karin harshensu, yadda yake fita daga baki.

A jihar da zafi da gumi ke korar mutum daga ɗaki kusan rabin shekara, baranda ita ce wurin zama. A labarin, barandar kantin Joe Starks, mijin Janie na biyu, ita ce majalisar gari. A nan ake gasar zuƙi-ta-malle, a nan ake gardama kan ko halitta ce ko taka-tsantsan ke hana mutum taɓa murhu mai zafi, a nan samari ke wasan zawarci da 'yan matan da ke wucewa. Hurston ta ba wa waɗannan hirarraki shafuka masu yawa, kuma suna da daɗi har mai karatu zai iya mantawa da inda labarin ya dosa. Wright a nan ya tsaya.

Sai dai akwai wadda ba ta cikin hirar. Ran da aka zaɓi Joe magajin gari, jama'a suka nemi matarsa ta ce wani abu, shi kuma ya amsa a madadinta cewa ba don jawabi ya auro ta ba. Ya tilasta mata ɗaure gashinta da kallabi a kanti saboda kishi. Duk lokacin da hira ta yi daɗi a waje, sai ya tura ta ciki ta sallami mai saye. Ashe barandar da muke ta dariya a kai tana da ƙofa, kuma akwai mai gadinta. Daɗin hirar shi ne ma'aunin abin da aka hana Janie. Da marubuciyar ta taƙaita ta, da ba mu ji zafin rashin ba.

Labarin alfadarin Matt Bonner ya ƙara fito da wannan. Dabba ce ramammiya da gari ya mayar abin ba'a. Janie ta ji tausayinta, Joe ya ji tana gunaguni, sai ya saye ta dala biyar ya sake ta ta huta, jama'a suna yaba masa. Da ta mutu aka ja gawarta bayan gari aka yi mata jana'izar wasa da jawabai, kowa ya je, ban da Janie, domin a cewar mijinta matar magajin gari ba ta shiga irin wannan taro. Mai karatu zai tuna cewa tun farkon littafin kakar Janie, wadda aka haifa cikin bauta, ta kwatanta mata matsayin baƙar mace a duniya da na dabbar dako. Joe ya iya 'yanta alfadari a bainar jama'a, ya bar matarsa a ɗaure. Hurston ba ta tsaya ta yi mana wa'azi a kai ba, ta jera abubuwan biyu ta wuce.

Shi ya sa ranar da Janie ta mayar wa Joe martani a cikin kanti, bayan shekaru kusan ashirin na haɗiye magana, ta taɓa mazantakarsa a gaban maza, abin ya zama kamar juyin mulki. Da baki ya mulki garin, da baki kuma aka kayar da shi.

Lokacin da tafki ya tashi

Bayan mutuwar Joe, Janie ta haɗu da Tea Cake, matashi ɗan caca mai kaɗa jita, wanda abu na farko da ya yi mata shi ne koya mata wasan dara irin na Turawa, wasan da take gani maza na yi a baranda shekara da shekaru ba wanda ya ce ta zauna. Suka yi aure suka tafi kudancin jihar, gefen tafkin Okeechobee, inda baƙar ƙasa mai albarka ke jawo 'yan ci-rani daga ko'ina, har da tsibiran Bahamas, don tsinkar ɗanyen wake. A nan gidansu ya zama dandali, kuma a karon farko Janie ta shiga hira ta ba da nata labarin.

Daga nan sai yanayi ya shigo. Wannan babi shi ne ƙashin bayan littafin, kuma a kan abin da ya faru da gaske aka gina shi. A ranar 16 ga Satumba 1928 mahaukaciyar guguwa ta sauka kusa da West Palm Beach ta nufi Okeechobee. Tafkin yana da faɗi ƙwarai amma ba zurfi, don haka iska ta tattaro ruwansa ta tura shi gefe guda, ya tsallake 'yar katangar ƙasar da aka yi masa ya malale garuruwa da gonaki cikin dare. Aƙalla mutum 2,500 suka mutu, galibinsu baƙaƙen fata ma'aikatan gona.

Abin lura shi ne yadda Hurston ta tsara kwanakin da suka gabaci guguwar. Janie ce ta fara ganin 'yan ƙabilar Seminole, mazauna yankin na asali, suna wucewa ƙungiya-ƙungiya zuwa tudu. Ta tambaye su, suka ce guguwa na tafe, sun gani a jikin ciyawar fadama. Sai zomaye da macizai da barewa suka bi sahu. Wani aboki ɗan Bahamas ya yi musu tayin wuri a mota. Tea Cake ya ƙi, kuma dalilansa biyu ne: ana samun kuɗi a wake, sannan Turawa masu gonaki ba su tashi ba, ai da akwai haɗari da sun sani. Su kuwa Seminole, a ganinsa, da sun san wani abu da ba a ƙwace musu ƙasa ba.

Wannan ita ce tambayar baranda ta dawo da wata riga: maganar wa ake saurare? Mutanen da suka fi kowa sanin wurin an raina su saboda ba su da mulki, aka bi waɗanda ke da manyan gidaje saboda suna da shi. Wariyar launin fata da Wright ya ce babu ita a littafin, ga ta nan a cikin kan ma'aikacin gona, tana gaya masa wanda zai yarda da shi game da hadari. Ba a ga Bature da bulala ba, amma hukuncin da ya jawo mutuwa saboda shi aka yanke.

Da ruwa ya janye kuma, abin ya fito fili. A Palm Beach Turawa masu bindiga suka tare Tea Cake suka tilasta masa aikin binne gawawwaki. Umarnin shi ne a ware: farare a saka su a akwati, baƙaƙe a zuba su a rami a watsa musu farar ƙasa. Gawawwakin sun kumbura har ba a gane launinsu, sai aka ce a duba gashi. Wannan ma tarihi ne. A West Palm Beach akwai ramin da aka binne baƙaƙen fata 674 a cikinsa, wanda ya yi shekaru da dama babu alama, alhali fararen da suka mutu an kai su maƙabartar Woodlawn. Hurston ta wallafa wannan shekara tara kacal bayan faruwarsa, cikin 'yan shafuka, da murya mai sanyi da ta fi ihu tasiri.

Inda littafin ya yi rauni

Yabo bai hana faɗin gaskiya. Daf da babin guguwa, Tea Cake ya mammari Janie, ba don ta yi laifi ba, sai don ya nuna wa wata maƙwabciya, Misis Turner, da ke son haɗa ta da ɗan'uwanta, cewa matar tasa ce. Abokansa suka yi ta sha'awar abin. Ba mu ji abin da Janie ta ji ba, kuma littafin ya ci gaba da riƙon Tea Cake a matsayin masoyin da babu kamarsa. Wasu masu nazari na cewa shirun da gangan ne. Ko da haka ne, littafin da ya kwashe rabinsa yana koya mana mu lura da lokacin da aka toshe bakin mace bai kamata ya toshe shi da kansa a nan ba.

Haka ma a kotu. Kare mai ciwon hauka ya ciji Tea Cake a kumatu lokacin da yake ceton Janie a cikin ruwa. Bayan 'yan makonni ciwon ya tashi, ya ɗauki bindiga zai kashe ta, ta riga shi harbi. Aka gurfanar da ita gaban Turawa maza goma sha biyu masu yanke hukunci, abokan mijinta baƙaƙe suna bayan ɗaki suna son a hukunta ta. Wannan shi ne jawabi mafi girma a rayuwarta, amma mai ba da labari ne ya taƙaita mana shi, ba mu ji daga bakinta ba. Ana iya kare marubuciyar da cewa Janie ta ajiye muryarta ta gaskiya ga Pheoby, wadda ta cancanci ji. Hujja ce mai kyau, sai dai babin ya yi gaggawa, kamar wanda aka rubuta ana kallon agogo. An san Hurston ta rubuta littafin cikin mako bakwai tana Haiti, kuma a ƙarshensa alamar hakan ta nuna.

Ga mai karatun Hausa

Wanda ya koyi Ingilishi a makaranta zai sha wahala a shafukan farko, domin an rubuta hirar yadda ake furta ta, kalmomi a gutsure. Dabarar ita ce a karanta da ƙarfi, kunne zai kama abin da ido ya kasa.

Akwai kuma dalilin da ya sa muhawarar Wright da Hurston ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa a Kano daga shekarun 1980, da yawansu mata suka rubuta, an yi musu laƙabin adabin kasuwa, aka ce ba su da abin faɗa sai so da kishi. Daga baya masu nazari suka ga cewa auren dole da zaman kishiyoyi da karatun 'ya mace suna cikinsu tun farko. Ba kowane littafin soyayya ne ya kai na Hurston ba, ko kusa. Amma kuskuren mai suka iri ɗaya ne: ya ɗauka sai an hau mumbari ake faɗin magana mai nauyi.

Darasin da marubuci zai ɗauka a nan na aiki ne. Hurston ta san lokacin da ake shuka wake, ta san dabbar da ke fara gudu kafin hadari, ta san wanda ke zama a kujera da wanda ke tsayawa a bakin ƙofa. Da waɗannan ta gina hujjarta. Duk mai son rubuta garinsu, ya fara zuwa inda ake hira da yamma ya saurara, sannan ya duba wanda ke kawo ruwa ya koma ciki bai ce uffan ba.