Kuskure ko Aibi? Matsalar Tauraron Wasan Ban Tausayi na Girkawa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin wasan kwaikwayo a sashen harsunan Nijeriya ya san amsar da ɗalibai kan bayar idan aka tambaye su dalilin faɗuwar Sarki Odifus: wai girman kai da zafin rai. Na sha karanta wannan amsa cikin Hausa a takardun jarrabawa, abokan aikina masu koyar da Yarbanci da Ibo kuma sun shaida mini cewa haka abin yake a wajensu. Kowa kuwa Aristotal yake jingina wa maganar. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Aristotal bai faɗi haka ba, wasan Sofokilis ma bai nuna haka ba. Tun da yake muna kan aikin samar da kalmomin tarke a harsunanmu, akwai haɗarin mu dasa kuskuren wasu cikin Hausa har ya yi saiwa.

2.0 Abin da Aristotal Ya Ce

Aristotal (384 zuwa 322 kafin Miladiyya) ya yi bayanin wannan tauraro a babi na 13 na littafinsa kan fasahar waƙa, wanda Larabawa suka sani da Kitabus Shi'iri. A ganinsa, aikin wasan ban tausayi shi ne ya motsa tausayi da tsoro a zukatan 'yan kallo. Saboda haka faɗuwar cikakken mutumin kirki ba za ta yi ba, domin takaici kawai take jawowa. Faɗuwar azzalumi ma ba za ta yi ba, domin ba a tausaya wa wanda ya girbi abin da ya shuka. Sai mutumin da ke tsakatsaki, mai suna da wadata, wanda bai yi fice a nagarta ba, amma kuma ba mugunta ce ta kayar da shi ba, face abin da ya kira hamartiya.

A kan wannan kalma rigimar take. Aikatau ɗin da ta fito daga gare shi yana da ma'anar kuskuren bara, kamar mai jifa da mashi ya saɓa abin da ya auna. Gaskiya ne Girkawa sun faɗaɗa ta har ta ƙunshi laifi, to amma a wannan babi Aristotal ya ajiye ta ne daura da mugunta domin ya raba su. Ya riga ya faɗa a babi na 6 cewa wasan yana kwaikwayon aiki ne, ba mutane ba, kuma zubin labari yana gaba da halayen taurari. Mutumin da ya ce haka, da wuya ya juyo ya ɗora wasan gaba ɗaya a kan wani tabo da ke cikin halin mutum guda. Karatun da ya mayar da hamartiya aibin hali ya yi ƙarfi ne a makarantun Ingila, musamman bayan littafin A. C. Bradley na 1904 kan wasannin Shakespeare, daga can kuma ya biyo manhaja ya iso mana. John Jones a 1962 da E. R. Dodds a 1966 sun yi masa raddi mai ƙarfi, sai dai raddin bai yi tafiyar da kuskuren ya yi ba.

3.0 Shaidar Wasan

An nuna wasan Sarki Odifus a Atina wajejen shekara ta 429 kafin Miladiyya. Labarin sananne ne. Annoba ta auka wa birnin Tibis, amsa ta zo daga wurin bautar Afolo da ke Delfi cewa sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki Layus. Odifus ya ɗauki binciken da kansa, ya bi sawu har ya tarar cewa shi ne mai kisan, Layus mahaifinsa ne, Jokasta da yake aure kuma mahaifiyarsa ce. Ita ta rataye kanta, shi kuma ya tsiyaye idanunsa da allurar ado ta rigarta.

Masu maganar zafin rai suna kafa hujja da yadda ya zagi makahon boka Tairesiyas, da yadda ya zargi surukinsa Kiriyon da ƙulla masa makirci. Lalle ya yi fushi, ya kuma yi gaggawar zargi. Amma a lura da jerin lokaci: sa'ad da ya yi waɗannan, kisan da auren sun shekara da shekaru da aukuwa, har an haifi 'ya'ya huɗu. Abin da ya zo daga baya ba ya zama sanadin abin da ya riga shi. Saura faɗan da aka yi a mahaɗar hanyoyi uku, inda Layus ya mutu. Bisa labarin da Odifus ya bayar, su suka fara ture shi daga hanya, tsohon kuma ya buge shi da tsinken kora dabba a ka. Ya rama fiye da kima, amma bai san wanda yake bugu ba. Hasali ma yana kan hanyar ne domin gudun Korinti, kada ya cuci mutanen da ya ɗauka su ne iyayensa. Annabcin kuwa, a wajen Sofokilis, an yi shi tun kafin a haife shi, kuma babu sharaɗi a cikinsa.

To me ya sa ya hukunta kansa, in har bai sani ba? Nan ne nake ganin ɗalibin Hausa ya fi wasu damar fahimta, domin ya san bambancin kisan ganganci da kisan kuskure, ya kuma san cewa najasa ba ta tambayar niyyar wanda ta taɓa. Dokar Atina tun zamanin Dirako, wajejen 621 kafin Miladiyya, ta raba kisan niyya da wanda ba na niyya ba. Duk da haka Girkawa sun yi imani cewa jinin da aka zubar yana barin dauɗa, wadda suke kira miyasma, tana bin mutum har ta shafi garinsa. Odifus ba shi da laifi ta fuskar niyya, amma dauɗar tana jikinsa. A wasan Odifus a Kolonus, wanda aka nuna a 401 bayan rasuwar Sofokilis, tsohon da kansa ya kare kansa da hujjar rashin sani.

Abin da ya aikata da saninsa a kan dandamali shi ne bincike. Tairesiyas ya ƙi magana, Jokasta ta roƙe shi ya bari, tsohon makiyayi ya yi ta kwana-kwana, amma ya matsa. Ƙwazonsa da kishin talakawansa ne suka kai shi ga ramin, waɗannan kuwa ba aibi ba ne. Ola Rotimi, a wasansa The Gods Are Not to Blame da aka fara nunawa a Ile-Ife a 1968, ya ba Odewale zafin rai da zargin ƙabilanci ya kuma ɗora musu nauyin faɗuwarsa. Yana da 'yancin yin haka, ga kuma yaƙin basasa ana cikinsa a lokacin. Illar ita ce ɗalibanmu da yawa ta ƙofar Rotimi suke shiga wajen Sofokilis, sai su sa wa Odifus rigar Odewale.

4.0 Batun Kalmomi

Ba mu ne farkon waɗanda kalmomin Aristotal suka ba wuya ba. Abu Bishir Matta ɗan Yunus, wanda ya rasu a Bagadaza a 940, ya mayar da littafin Larabci daga Suryananci. Da yake babu irin wannan wasa a al'adar da ya sani, sai ya kira wasan ban tausayi madahu, na ban dariya kuma hija'i, wato zambo. Ibn Rushdi (1126 zuwa 1198) ya gina sharhinsa a kan haka, yana kawo misalai daga baitocin Mutanabbi da ire-irensa. Malamai ne manya, amma kalma ɗaya ta karkatar da su.

Saboda haka nake ba da shawarar a riƙa fassara hamartiya da kuskure, a bar aibi da tawaya. Haka nan jarumi da gwarzo, waɗanda na ga wasu suna amfani da su, suna ɗauke da ƙamshin kirari da fagen fama, suna sa mai karatu ya zaci yabo za a yi, wato mun koma ga madahun Abu Bishir. Tauraro ta fi su, domin matsayi kawai take nunawa a cikin wasa. Ita ma tana da iyaka. A wasan Antigoni, yarinyar da ta binne ɗan'uwanta bisa saɓa wa dokar sarki ita ce ta ba wasan suna, amma ta bar dandamali tun da sauran tafiya. Kiriyon ne ya yi kuskuren hukunci, shi ya farga bayan lokaci ya ƙure, shi kuma aka bari tsaye da gawar ɗansa Haimon, ga labarin mutuwar matarsa ya iso.